Wane zanen kakin ɓad-da-kama ne ya fi sajewa da daji?

Dan_Sabara:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare gardama ta kaure a majalisarmu tsakanina da wani abokina a kan kakin soja mai dabbare-dabbare. Ni tun ina yaro babu wanda ke burge ni kamar na Amurka ɗin nan da ake kira Woodland, wanda suka fara sawa a 1981, mai launi huɗu: kore, ruwan ƙasa, baƙi da ruwan yashi. A wurina har yau ba a yi kamarsa ba. Shi kuwa ya kafe wai zamaninsa ya wuce, yanzu sai mai ƙananan murabba'ai da ake zanawa da kwamfuta. To ga tambaya ga tsofaffin sojoji da maharba da masana da ke cikinmu: wane zane kuka fi so, kuma me ya sa? Na soja da na farauta duka nake nufi.

Bakatsine77:
Wa alaikumus salam. Woodland ɗin dai, ɗan'uwa. In aka ce soja, shi ne hoton da ke fara zuwa mini a rai.

Tsohon_Kofur:
Dan_Sabara, kai da abokinka kuna maganar abin da ke da kyau a ido. Ni bari in yi maka maganar abin da na sa a jikina shekara ashirin da biyu.

Kaki mai kore da baƙi irin wanda kake so, a damina ba shi da na biyu. In ka kwanta a gindin kalgo cikin watan Agusta, ciyawa ta kai gwiwa, mutum zai iya zuwa ya kusa taka ka bai gan ka ba. Amma bari kaka ta wuce, gamba ta bushe ta koma ruwan zinariya, itatuwa su zubar da ganye. Wannan kakin sai ya zama abin da ke tona maka asiri. Daga nesa launukan nan huɗu ba sa rabuwa a ido, haɗewa suke su zama dunƙule guda mai duhu, kamar kututturen da aka ƙona a tsakiyar fili. Na sha tsayawa a kan tudu ina ƙirga yaranmu ɗaya bayan ɗaya a cikin busasshiyar ciyawa, babu wanda ya ɓace mini. Wanda ya fi wuyar gani a cikinsu shi ne mai tsohon kaki da rana da wanki suka koɗar. Sabon kaki fil daga sito shi ake fara hangowa.

Saboda haka in ka ce wanne na fi so, sai in tambaye ka a wane wata, kuma a wace ƙasa. Jigawa daban, fadama daban, jar ƙasa mai marmara daban.

Dan_Sabara:
Ranka ya daɗe, na gode. Kenan baƙin da ke jiki shi ne matsalar?

Tsohon_Kofur:
Shi ne babba. Ka duba daji da rana tsaka, ina baƙi wuluk? Sai dai inuwa, sai kuma inda aka cinna wa daji wuta. Inuwar ma ba baƙa ba ce sosai in ka lura.

Malamin_Kimiyya:
Abin da Baba Kofur ya faɗa ya yi daidai da yadda ido ke aiki. Kakin ɓad-da-kama aiki biyu yake yi. Ɗaya, launinsa ya yi kusa da na wurin. Biyu, ya kakkarya siffar mutum, domin ƙwaƙwalwarmu ta saba da gane kai da kafaɗu biyu ko da daga nesa ne. Manyan faci-faci su ne ke karya siffa daga nesa, ƙananan ɗigo-ɗigo kuma su ne ke sajewa da ganye da tsakuwa daga kusa. Zanen da ke da ƙananan kaɗai, daga nesa komawa yake launi ɗaya.

Kuma Allah ya riga ya nuna mana darasin a jikin dabbobi. Ku dubi barewa: bayanta ja-ja ne mai ɗan duhu, cikinta fari. Rana na haska baya, ciki na cikin inuwa, sai su biyun su daidaita, jikin ya daina bayyana a matsayin abu mai kauri. Wani mai zane Ba'amurke, Abbott Thayer, shi ya yi fice wajen bayanin wannan tun ƙarshen ƙarni na 19.

Ƙarin bayani kaɗan, Dan_Sabara: Woodland ba a 1981 aka ƙirƙiro shi daga babu ba. Asalinsa wani zane ne da ake kira ERDL, wanda aka tsara tun 1948, aka yi amfani da shi a yaƙin Biyetnam. Faɗaɗa faci-facinsa aka yi.

Abu_Abeche:
Salam daga Chadi. Ku mutanen Najeriya kullum maganarku Amurka da Ingila. Mu nan abin da muka taso muka gani a hotunan iyayenmu shi ne na Faransa mai zanen ƙadangare, wanda ratsinsa ke tafiya a kwance kamar an ja buroshin fenti, kore da ruwan ƙasa a kan kaki mai haske. Faransa ta fito da shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta yi yaƙin Indocina da na Aljeriya da shi, sannan sojojin ƙasashen Afirka da yawa suka gaje shi. Shi ne zaɓina. A cikin doguwar ciyawa da ƙaya ratsin nan yana shigewa sosai.

Amma in gaskiya za a bi, arewacinmu babu abin da kore zai yi maka. Can sai irin wanda Faransawa suka sa a yaƙin Tekun Fasha na 1991, mai suna Daguet, ruwan yashi da ruwan ƙasa. Ko kuma rawani da riga masu launin rairayi kawai, babu zane ko ɗaya.

Bakatsine77:
Abu_Abeche, mai ƙadangaren nan ba shi ne ake kira mai ratsin damisa ba?

Abu_Abeche:
A'a, amma 'yan gida ɗaya ne. Mai ratsin damisar daga baya ya fito, a Biyetnam ta Kudu, kuma daga na ƙadangaren aka samo shi. Shi ya fi duhu, baƙinsa ya fi yawa, don dajin can mai duhuwa ne.

Baba_Maharbi:
Assalamu alaikum. Ɗana ne ke karanta mini yana kuma rubuta abin da na faɗa. Na ji ana ta kiran sunayen Turawa, to bari mu ma mu sa baki, mu da muka gaji farauta kaka da kakanni.

Rigar da mahaifina ya bar mini saƙi ce, taguwa. Ba a sayo ta da launi ba. Ganyen marke ake dafawa a tsoma ta, a shanya, a sake tsomawa, wani lokaci a haɗa da sassaƙen itace, sannan a shafe ta da laka ta fadama a bari ta kwana. In ta fito ba za ka ce ga launinta ba, tsakanin ruwan ƙasa ne da ruwan toka, wani wuri ya fi wani kamawa. Da shekaru, gumi da hayaƙi da ƙura su ƙara mata nasu. Ga layu a ɗinke a jiki suna reto. Na ji malamin nan yana cewa a karya siffar mutum, to ku dubi maharbi cikin rigar layu a tsugune a gindin sabara ku gaya mini ko siffar mutum kuke gani.

Sannan akwai burtu. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa gani ba. Kan tsuntsun nan ne baƙi mai dogon baki, a haɗa shi da itace mai lanƙwasa a matsayin wuya, a naɗe da fata, maharbi ya ɗaura a goshi. Sai ka durƙusa cikin ciyawa, jikinka a ɓoye, kan burtu kaɗai ke sama. Kana tafiya kana sunkuyar da shi kamar yana tsintar fara, ka ɗaga, ka waiga, ka sake sunkuyawa. Barewa ta saba ganin burtu yana kiwo kusa da ita, ba ta tsoronsa. Da haka ake kusantarta har kibiya ta isa. Wanda bai iya tafiyar burtu ba, ko ya ɗaura kan, a banza. Ni sai da na yi damina biyu ina bin tsuntsun da ido kafin mahaifina ya yarda in ɗaura.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, naman daji hancinsa ya fi idonsa. Kullum akwai toka a ɗan ƙunshi a aljihuna. In na isa wuri sai in ɗiba in saki in ga inda iska ta nufa. In iska na ɗaukar warinka tana kai wa gada, sa duk rigar da ka ga dama, ta riga ta tafi. Bayan iska sai motsi. Riga ita ce ta uku.

Tsohon_Kofur:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da aka koya mana a horo kenan da wasu kalmomi: siffa, ƙyalli, inuwa, motsi. Agogon hannu ɗaya da rana ta haska ya isa ya ɓata aikin kaki gaba ɗaya. Fuska da bayan hannu ma suna ƙyalli in an yi gumi.

Malamin_Kimiyya:
Baba, maganar layu masu reto ta tuna mini da rigar da maharban soja ke sawa, mai tsumma da zare da ciyawa a ɗaure ko'ina. Asalinta ma daga masu gadin dajin farauta na Sikotlan ne, daga baya sojojin Ingila suka ɗauka. Ashe ko a can maharba ne suka koya wa soja.

Ummu_Hanif:
Don Allah ina da tambaya ga Baba. Maigidana yana fita farauta da rani, kuma ya hana ni wanke rigarsa da garin sabulu, ya ce ruwa zalla. Bula kuwa ko kusa. Na ɗauka al'ada ce kawai ta maharba.

Baba_Maharbi:
'Yata, mijinki ya san aikinsa. Ƙamshin sabulu babu shi a daji, nama na jinsa daga nesa. Ki wanke da ruwa ki shanya a inuwa. In da hali a rataye ta inda hayaƙin itace ke kaiwa.

Malamin_Kimiyya:
Hajiya, akwai dalili na biyu. Yawancin garin sabulun zamani ana sa masa sinadarin da ke sa tufafi su yi haske, yana mayar da hasken da idonmu ba ya gani ya koma shuɗi-shuɗi. Binciken da aka yi a kan barewar Amurka ya nuna idonta na kama shuɗi sosai, ja da ruwan lemo ne ba ta bambancewa da kyau. Don haka rigar da ta sha bula ko irin wannan sabulu tana iya fitowa fili a idonta.

Dan_Gwanjo:
Ni fa jama'a, kafin a ci gaba, akwai abin da ba wanda ya ambata. A Najeriya doka ta hana farar hula sa kakin soja. Kada wani yaro ya karanta wannan hira ya tafi kasuwa neman Woodland.

Ni ganau ne. Ina sayar da gwanjo, wata rana na buɗe dila na tarar da wani gajeren wando mai dabbare-dabbare, irin na gayu ne ma, da aljihu a gefe. Na sa shi na hau babur zan je wani ƙauye. A wani shingen bincike aka tsayar da ni. Duk bayanin da na yi ba a saurara ba. Aka sa na cire shi a bakin titi, mutane na wucewa suna kallo, aka sa ni tsallen kwaɗo cikin rana, sai wani bawan Allah mai shago ne ya ara mini zane na ɗaura na koma gida. Shekara shida kenan, har yau in na tuna raina na ɓaci. Tun daga ranar, duk abin da na gani mai wannan zane a dila, ko hular yara ce, ware shi nake.

Ummu_Hanif:
Subhanallahi. Allah ya saka maka, Malam. Ko da laifi ne ai akwai hanyar da ta dace, ba wulaƙanci ba.

Tsohon_Kofur:
Dan_Gwanjo, abin da aka yi maka bai dace ba, kuma ba zan kare shi ba. Wanda ya karya doka a kai shi inda doka ta ce. Amma ita dokar kanta ina bayanta ɗari bisa ɗari. Mutanen ƙauyuka nawa ne suka ga masu kaki sun nufo su suka saki jiki, ashe 'yan bindiga ne? In kowa na iya sa kaki, talaka ba shi da yadda zai bambance mai kare shi da mai kashe shi. Shi ya sa ko shigo da irin wannan yadi ƙasar nan sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma kwastam na kama wanda aka shigo da shi ba izini.

Dan_Zango_Kumasi:
Nan Gana ma an hana, kuma sojoji kan fito su yi gargaɗi a kai. Ba mu kaɗai ba ne, har ƙasashe irin su Jamaika da Barbados, baƙo ma in ya je da shi ana iya karɓewa.

Dan_Sabara:
Na gode da tunatarwa, kuma wallahi ban yi tambayar don in saya in sa ba. Sha'awar tarihin abin ce kawai. Mu koma kan gardamata da abokina: shin mai murabba'an nan na kwamfuta ya fi na da, ko kuwa?

Injiniya_Zinder:
Amsar ita ce wani ya fi, wani bai fi ba, kuma murabba'an ba su ne sirrin ba. Kanada ce ta fara raba wa sojojinta irin wannan zane, mai suna CADPAT. Sojojin kundumbalar ruwan Amurka suka bi da nasu, MARPAT, a 2002, suka yi shi kala biyu, na daji da na sahara. Waɗannan sun yi aiki, har yanzu ana yaba su.

Sai rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta ce ita za ta yi guda ɗaya da zai dace da ko'ina, daji da sahara da cikin gari. Suka fito da UCP wajen 2005, ruwan toka da ɗan kore mai haske da ruwan yashi. Da aka je Afganistan sai ya zamana bai saje da komai ba, sojoji suka yi ta kuka da shi. A 2010 aka fara ba waɗanda ke can wani zane mai suna MultiCam, zuwa 2019 aka yi sallama da UCP baki ɗaya. Murabba'ai na nan a jikinsa, launin ne bai yi ba. Ka gaya wa abokinka ƙasar da ta fi kowa kuɗin bincike ta bar murabba'ai a rundunarta mafi girma ta koma zane mai lanƙwasa.

Ni MultiCam ne zaɓina. Launukansa na narkewa cikin juna daga kore zuwa ruwan ƙasa, ga ɗigon haske da na duhu a kai. A ƙasa irin tamu ta Damagaram, da ke kore wata uku ta bushe wata tara, ban ga wanda ya kai shi ba.

Bakatsine77:
To ai shi ma MultiCam ɗin "guda ɗaya don ko'ina" ne. Me ya raba shi da wanda ka ce ya faɗi?

Injiniya_Zinder:
Tambaya mai kyau. Bambancin, shi an gina shi a kan ruwan ƙasa, wanda kusan ko'ina akwai shi, wancan kuwa a kan ruwan toka. Kuma ban ce ya fi kowa a ko'ina ba. A dajin kudu mai duhuwa Woodland ɗinku zai ba shi kashi. Ingila ma abin da ya sa ta bar tsohon zanenta na DPM da ta yi shekara arba'in tana sawa ta koma sabo mai suna MTP a 2010 kenan: a lardin Helmand na Afganistan soja kan fita daga gona mai kore shar ya shiga hamada a sintiri ɗaya, ba zai tsaya canza kaya a hanya ba.

Maman_Sadiq_Hamburg:
Ba wanda ya ambaci na Jamus, Flecktarn. Ɗigo-ɗigo ne launi biyar, kamar an yayyafa fenti. Ina ganin sojojinsu a tashar jirgin ƙasa da shi. A cikin dajinsu lokacin da ganye ke zuba, wallahi sai ka rantse daga ƙasan wurin aka yanko yadin. Amma na san a Sakkwato cikin bazara duhu zai yi.

Bahaushe_a_Ohio:
Bari in kawo ɓangaren farauta na nan Amurka, tunda Dan_Sabara ya ce duka biyu. Nan kayan farauta kasuwa ce babba, manyan sunaye su ne Realtree da Mossy Oak, dukansu tun shekarun 1980. Su ba faci-faci suke yi ba, hoton ɓawon itace da rassa da ganye suke bugawa a yadi kamar na gaske. A shago abin sha'awa ne. Amma wanda na saya na lura daga nesa duhu yake yi, daidai abin da Baba Kofur ya faɗa a sama.

Abin da ya fi ba ni mamaki a shekarata ta farko: lokacin farautar barewa da bindiga, doka ta wajabta ka sa riga mai ruwan lemo mai ƙyalli a kan kayanka. Na ce to ina amfanin ɓad-da-kamar? Aka ce mini barewa ba ta ganinsa yadda muke gani, ɗan'uwanka maharbi kuwa zai hango ka daga nesa, ba zai ɗauke ka nama ba. Masu farautar talo-talon daji da agwagwa su ne ke rufe jiki ruf har fuska, don tsuntsu na ganin launi fiye da mu.

Baba_Maharbi:
Wannan magana ta ruwan lemo ta shige ni. A farautar gayya, inda ake fita mutum ɗari da karnuka, na ga abin da ba na son tunawa. Yaro ne ya tsuguna a bayan geza, wani ya ga motsi ya saki bindigar toka. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma har yau yana ɗingishi. Da akwai jan ƙyalle a kansa da ba a yi haka ba. Zan kai maganar nan gaban sarkin bakanmu.

Batun tsuntsu kuma gaskiya ne. Zabon daji da fakara, in suka ga farin ido ma ya ishe su.

Tsohon_Kofur:
Allah ya ba shi lafiya. Baba, in za a yi, a sa a hula, don kai ne ke fara fitowa daga ciyawa.

Malamin_Kimiyya:
Wani abu da ya kamata a sani tunda muna ta cewa kaki, kaki: kalmar daga Indiya ta zo mana ta bakin Turawan Ingila, asalinta kuwa kalmar Farisanci ce mai nufin ƙura ko ƙasa. A shekarun 1840 wata rundunarsu a can ta fara rina kayanta launin ƙasa, lokacin da sauran ke sa ja. Faransa ma da jan wando ta shiga yaƙin 1914 kafin ta canza. Wato kakin farko rini ne aka yi da hannu don ya yi kama da ƙasar wurin, kamar taguwar mahaifin Baba.

Dan_Sabara:
Na karanta duka, Allah ya saka da alheri. Na yarda Woodland ba na rani ba ne, amma har yanzu shi nake so, kuma na ga abokina ma bai ci gardamar ba. Injiniya, in aka ajiye MultiCam da taguwar Baba a cikin sabara a watan Maris, wanne kake ganin za a fara hangowa?

Injiniya_Zinder:
In a rataye suke a reshe, ina jin taguwar za a fara gani, don ta fi duhu. In a jikin mutum ne, ya danganta da wanda ke ciki.

Abu_Abeche:
Ni dai ina nan kan ƙadangarena. Baba, don Allah in ɗanka zai iya, ya ɗauko mana hoton kan burtun nan. Kakana ya sha ba ni labarinsa, ban taɓa gani da idona ba.

Baba_Maharbi:
Yana rataye a ɗaki, fatar wuyan ta ɗan tsage. Gobe in rana ta fito zan sa a fito da shi waje a ɗauka.